Ɗan Haya a Jikina

Cokalin sukari na kan hanyarsa ta shiga kofi lokacin da ƙanena ya riƙe mini hannu.

"Yaya, da izinin wa?"

Tun da ya ba ni ƙodarsa na zama ɗan haya a jikina. In ya shigo, cikina yake fara gaisarwa kafin ni. Likita kuwa cikin fara'a ya yi mini bayani: maganin da ke hana jikina korar baƙuwar ƙodar shi ya jawo mini ciwon sukari. In na daina sha, ta tafi. In na ci gaba ban kame bakina ba, sukari ya cinye ta a hankali. Madalla da ilimin zamani.

Na ce, "Kyauta ka ba ni ko aro? In aro ne, ɗauko wuƙa ka cire abarka, in sha shayina cikin mutunci."

"Allah ya huci zuciyarka. Sha mana. Ƙara cokali biyu ma, ai baƙuwa ce, a karrama ta."

"In ta mutu, ni zan koma kan injin wankin ƙoda, ba kai ba. Ina ruwanka?"

Ya saki hannuna. Ya ɗaga rigarsa, ya daɗe yana kallon gefen da babu tabo.

"Saura ɗaya gare ni, Yaya. Kuma na san halina. Ranar da ka sake kwantawa, zan je in roƙi likita ya cire ta."

Na mayar da sukarin cikin gwangwani. Shayin ya yi ɗaci. Na shanye.