Filin Da Ba Shi Da Ƙasa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko magana nauyi take yi mini.

Ina kwashe tawul na ga wani ɗan Japan ya durƙusa a tsakiyar fili yana ƙwaƙular ƙasa da farce. Shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyar besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, da nake yi wa wanki a Dubai, kuma ranar aka sallame shi. Ya haura arba'in.

"Baba, me ya ɓace maka?" na tambaye shi.

Ya buɗe jaka ya nuna mini ƙananan ƙulli na ƙasa, wannan daga Japan, wancan Amurka, wancan Meziko. Ya ce a wajensu wanda aka fitar daga gasa yakan ɗebi ƙasar filin ya tafi da ita. Ya yi wa matarsa alkawari ƙullin Dubai ne na ƙarshe.

Amma filinmu shimfiɗar roba ce, har inda ya yi kama da jar ƙasa.

Ya yi dariya, idonsa bai tsaya wuri ɗaya ba. "Babu ƙasa, ke nan ban gama ba. Gobe zan tafi gwaji Ostireliya." Da hagu ya ɗauki jakar, don hannun daman ya daina ɗaguwa.

Na kasa zama, na kasa cin abinci. Ni ma kullum ce wa Inna nake bana ce shekarata ta ƙarshe a Dubai.

Washegari na ɗaga gefen shimfiɗar, na ɗebi yashin da ke ƙarƙashi, na ƙulle a bakin mayafina. Na je ƙofar masaukinsa na tsaya kafin motarsa ta iso.