Giyayyar Bakin Ruwa

Muna aji huɗu malaminmu ya fitar da mu fadama bayan azahar don mu san itatuwa. Dokarsa ɗaya ce: ka murza ganye, ka shinshina, sannan ka faɗi sunan bishiyar.

Muka nufi tsohuwar giyayyar bakin ruwa, wadda ya ce ita kaɗai ta rage a wajen. Tun daga nesa muka ji sara. Ashe babana ne, yana neman itacen bandar kifi, sana'ar da muke ci da ita.

Malam ya riƙe ƙotar gatarin. "Haba Baba, ka bar wa yaran nan ko guda ɗaya."

"Sakar min gatari! Ganye zan ba iyalina su ci?"

Malam bai saki ba. Baba ya fizge, ya maka masa ƙotar a baki, har na ji karyewar haƙori. Malam ya faɗi cikin laka, yara suka watse da ihu. Ni kaɗai na tsaya.

Malam ya tashi zaune, ya tofar da jini, ya tsinki ganye daga reshen da aka saro, ya miƙo min a gaban Baba.

"Wace bishiya ce wannan?"

Na murza, na shinshina. Ƙarnin jininsa kawai na ji.

"Giyayya ce, Malam."

Baba ya saɓa gatarinsa ya tafi. Giyayyar tana nan har yau da tabon saranta, ni kuwa ban taɓa iya zama a inuwarta ba.