Sanarwar Rasuwa Ta Biyu

Ta ajiye hoto a teburin mai buga takardu na kasuwar Adawlato, ta ce, "Irin sanarwar rasuwar maigidana nake so. Babba, mai launi."

Shi ya buga waccan sanarwar bara. Hoton marigayin, cikakken sunansa, ranar haihuwarsa, har sunan mahaifiyarsa, duk aka manna a bangon masallatan unguwar Zongo, aka watsa a waya. Jama'a suka karanta suka yi addu'a. Mutum ɗaya ya karanta ya kwafe. Da bayanan nan ya karɓi katin banki da sunan mamaci, ya ci bashi son ransa, har banki ya aiko a rufe mata shago.

Da aka nuna mata hoton kyamarar banki, ta gane fuskar. Maƙwabcinsu ne, wanda ya fi kowa hawaye ranar jana'iza, ya kuma cinye kwano biyu na shinkafar sadaka. Ta kai ƙara, aka ce ana bincike. Ta bi sawu da kanta, ta tarar gidajen da ya cuta suna da yawa.

"Rubuta a ƙasa," ta ce, "duk mai bin sa haƙƙi ya zo gidansa bayan Juma'a, kamar yadda aka saba."

Mai bugun ya dubi hoton maƙwabcin. "Inna lillahi! Mama, jiya fa na gan shi kan babur! Yaushe ya rasu?"

Ta gyara mayafinta. "Shi ya tono mijina daga kabari ya kai shi banki. Buga kawai, ɗana. Shi ma bai ji labari ba tukuna."