Tsohon da Ya Zagi Onarabul a Bawku

Mikaila ya samu wuri a bayan rumfar ƙarshe, kusa da mata masu albasa, inda lasifika ba ta danne muryar mutum. Maƙogwaronsa bai gama warkewa ba tun taron Yendi. Ya tauna citta, ya tofar, ya zuba wa dandamali ido.

Onarabul Nashiru na can sama yana jijjiga fartanya. Sabuwa ce fil, ko ƙasa ba ta taɓa taɓawa ba.

"Ni ɗan kunyar doya ne, manomi kamar ku," in ji shi, yana nuna wa jama'ar Bawku wani tabo a hannunsa, wai saran fartanya ne.

Mikaila ya san tabon nan. Daga keken haya Nashiru ya faɗo, ranar da yake gudun zuwa gona.

A gaskiya Nashiru ya taɓa noma, a wani ƙauye bayan Salaga, galibi daga inuwar kaɗanya. Bakinsa ya fi hannunsa aiki tun yana yaro. Da bakin ya zama ɗan asambuli, wato kansila, da shi ya hau kujerar gunduma. A zamaninsa ya buɗe rijiyar burtsatse guda har sau biyu, fenti kawai aka sauya. Taraktar da aka kawo wa manoma ta ƙare a gonar surukinsa. Hanyar kai doya Kpandai har yau tana haɗiye motoci duk damina. Ko gonar gado bai ƙyale ba: ya mayar da takardunta sunansa, yayansa na noma a ciki kamar ɗan ƙwadago, in ya yi gardama a tuna masa akwai masu noman kashu da ke son sayen filin. Yanzu kuma so yake jam'iyya ta ba shi shugabancin manoman arewa gaba ɗaya, shi ya sa yake bin garuruwan da ba su san shi ba.

Onarabul ya cire hula, ya share gumi, ya riƙe ta a ƙirji.

Mikaila ya miƙe.

"Ƙarya kake yi! Ina takin da ka ce za ka ba mu? Ina hanya?"

Ya kutsa tsakanin kujeru da yagaggiyar rigarsa, yana nuna dandamali da yatsa. Doyarmu ta ruɓe a bakin hanya, ya ce, kai kana cikin mota mai sanyi. Maganar ba ta yi masa wahala ba, ta daɗe a cikinsa. Sai ya ji bakinsa ya zarce.

"Wanda ya ci gonar ubansa, me zai bar wa manoma?"

Murmushin Onarabul ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

Ƙartin jam'iyya suka yi kansa. Ɗaya ya shaƙe shi da wuyan riga, wani saurayi ya ɗauko kujera.

"Ku sake shi," in ji Onarabul cikin lasifika. "Wanda ya taɓa tsohon nan, ni ya taɓa."

Ya sauko da kansa. Ya durƙusa a ƙasa gaban Mikaila, ya miƙa masa ruwa da hannu biyu. Ya ce bai san wannan bawan Allah ba, amma ya san yunwar da ke magana a bakinsa, don shi ma ya kwana da ita. Idonsa ya kawo ruwa, daidai lokacin da masu ɗaukar hoto suka iso. Sannan ya tuɓe batakarinsa, rigar saƙi mai tsada, ya saka wa tsohon.

Filin ya ɗauki sowa. Wata mai albasa ta share ido da gefen mayafi.

"Wannan mutum yana da zuciya," ta ce wa ta kusa da ita. "Kin ga yadda an zage shi, bai yi fushi ba."

Mikaila ya tsaya cikin batakarin, yana warin turaren wani. Ya dubi manoman da ke tafi, masu faso a ƙafa irin nasa, ya rasa wa ya fi ba shi haushi, su ko mai durƙuson. Dattawa suka riƙa cewa ya nemi gafara. Ya sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce ta abin da ya faɗa.

Bayan la'asar aka watse. Mikaila ya bi ta bayan kasuwar shanu, ya wuce tashar masu babur zuwa Kulungugu, ya shiga wani lungu da babu kowa. Wata baƙar mota na tsaye, gilasanta a rufe. Ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

Na cikin motar bai ɗago daga wayarsa ba.

"Tun a Yendi na gaya maka, taki da hanya kawai," in ji Onarabul Nashiru. "Ka sake ambaton gonar Baba a taron Paga, Yaya, ranar zan kira masu kashu."