Surukin da Bai Kashe Jan Ɗigo Ba

Ban daɗe da dawowa gida ba kawuna ya lura cewa duk wanda ya zaro waya a gabana sai na karɓe, na ce bari in nuna masa wani abu. Wata rana ya zaunar da ni a kan buhun masara, ya ce in saurari wani misali.

Ya ce an yi wani tsohon manomi mai 'ya'ya mata uku, duk ya aurar da su. Yana da fadama a bakin kogi, ƙasa baƙa wuluk, ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya ce bayan yankan shinkafa zai ba ɗaya daga cikin surukansa ita, ya riƙa noman rani. Kowa a garin ya san wanda za a ba: mijin autar, mutum mai zaƙin baki, wanda tun daga ƙofar zaure yake fara durƙuso. Sai aka sa ranar gayyar yanka. Shi kuwa gogan, tsakaninsa da lauje sai dai kallo. Da sassafe ya aika a ce zazzaɓi ya kayar da shi. Tsoho ya ce Allah ya sauwaƙe, a ce masa ya kwanta ya huta. A nan magana ta ƙare, fadama tana nan tasa.

To, amma zuciya ba ta bar shi ba. Ta ce masa, sauran surukai suna can suna zubar da gumi a gaban tsoho, kai ma yi wani abin da za a yaba. Ya tuna tsohon kullum yana kukan rubutun wayarsa ƙanana ne kamar tururuwa. Sai ya danna abin nan mai ɗaukar bidiyon fuskar waya, wanda ke kama duk abin da ka taɓa da duk abin da ka faɗa. Jan ɗigo ya fito a saman allo. Ya karya murya kamar mai barin wasiyya: "Baba, ka shiga nan, ka ja wannan layin, sai rubutu ya yi girma." Ya yi tari sau biyu, ya yi nishi, ya rufe da "Allah ya ƙara girma." Ya kai yatsa zai kashe, yatsan ya sauka a gefe. Jan ɗigo na nan yana kallonsa. Sai can da ya rufe wayar abin ya tsaya don kansa. Bai duba ba, ya tura wa tsoho, yana jin daɗin dabararsa.

Saƙon ya isa gona daidai lokacin da 'yan gayya suka zauna a gindin tsamiya shan fura. Tsoho yana da 'yar lasifika da yake haɗawa da waya yana jin labarai, ya ƙure ta, ya ɗaga wayar sama da alfahari. "Ku zo ku ga ɗan albarka. Yana kwance, amma ni ne a ransa." Aka kewaye shi, aka ji tari, aka ji nishi, har wani ya ce wayyo. Aka zo kan "Allah ya ƙara girma," aka zaci saƙo ya ƙare. Sai ga wata murya garau, kamar ta mai tallan kifi: "Ke, ina sauran ɗanwaken nan? Ki ƙara yaji!" Allo ya koma wasan ludo. Aka ji matar tana cewa ya ji tsoron Allah, Baba na can cikin rana. Ya ce, "Rana ai ta saba da shi. Bari dai fadamar ta shigo hannu, masu buga bulo sun ce ƙasar wurin ta yi musu." Daga nan ya shiga kwaikwayon yadda tsoho ke gyaran murya kafin ya yi magana, kuma wallahi ya iya, don sai da mutum biyu suka ƙware da fura. Babban suruki ya miƙa hannu zai kashe, tsoho ya janye wayar. Shi mutum ne da ba ya tashi daga wa'azi sai an shafa. Ya kalla har inda aka ga maras lafiya yana rubuta wa abokinsa ya kama masa benci a gidan kallon ƙwallo.

Tsoho ya sa waya a aljihu, ya ce a ƙarasa yanka. Da la'asar ya ce wa jama'a ai dubiya haƙƙi ce. Suka ɗunguma da laujensu da taɓonsu, suka cika zaure, daidai lokacin da gogan ya fito fes cikin rigar ƙwallo yana fito. Ya rasa tari zai fara ko durƙuso, ya haɗa duka biyun. Tsoho ya yi gyaran muryar nan tasa, zaure ya ɗauki dariya. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Sannu da jiki. Ka gaya wa masu bulo su nemi wata ƙasar. Wannan na raba wa sauran surukaina biyu." Ya juya zai fita, ya waiwayo: "Rubutun kuwa ya gyaru, na gode."

Kawu ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce da mutumin nan ya ja bargo ya yi barcinsa, da yanzu albasa yake kwashewa a fadama. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.