Gonar da Ba a Sa wa Wuta

Bari in ba ka misalin wani manomi da ya tashi yana jin kunyar gonar mahaifinsa. Kowace bazara mutanen gari sukan share gonakinsu tas, su tara kara su cinna wuta, amma tsohon nan ko ashana ba ya ƙyastawa. Kara ya kwanta inda ya faɗi, gawo ya tsaya inda Allah ya tsirar da shi, Fulani su zo da shanu su yi wata guda suna kwana a ciki. Mutane suna ce masa ƙazamin manomi, shi kuwa sai dariya. Ƙasar gonar baƙa ce wuluk, mai laushi, in ruwan fari ya sauka ƙamshinta har bakin hanya. Ɗan yakan tuna yadda ƙafarsa ke nutsewa a cikinta, da zangarniyar dawa da sai ya sa hannu biyu yake ɗauka. Amma ƙuruciya dangin hauka, tsohon na rasuwa ɗan ya sare gawon, ya sallami Fulani, ya sa wuta, gona ta yi fes. Shekara biyar ana yaba masa. Daga nan ƙasa ta fara fari, ta koma rairayi, ƙuduji ya mamaye dawa, buhun taki bai hana rumbu zama wayam ba. Da furfura ta fito masa, sai ya yanke shawarar sayar da gadon ubansa ya koma birni, har ya sa wa mai saye ranar Juma'a.

Ana saura kwana uku, wasu ma'aikatan gona suka zo garin da shirin farfaɗo da ƙasa. Wata malama a cikinsu ta haƙa gonarsa, ta murza ƙasar a tafin hannu, ta bayyana cewa tsiro yana zuƙo wani sinadari daga iska, kabon, in an bar kara da ganye suka ruɓe sai ya zauna a ƙasa ya baƙanta ta, in an ƙone ya koma sama. Ta ce a daina wuta, a bar itatuwa, a kira masu shanu. Mutumin ya gane ashe abin da mahaifinsa yake yi ke nan, kewarsa ta kama shi. Ya tambaye ta shekara nawa ƙasar za ta yi kafin ta dawo.

Ta ce, "Baba, ashirin, ko fiye."

Ya san da wuya ya ga wannan rana. Duk da haka da mai saye ya iso ranar Juma'a, a gona ya same shi, yana baza kara da hannunsa, manomin ya ce masa a yi haƙuri, jikokinsa na da sauran rabo a nan.

Ka ga gaskiyar Hausawa da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.