Na'urar da Ke Amsa wa Malam Ghali

Ranar da aka liƙa ƙaramin allo a gaban motar Malam Ghali, tashar Tudun Wada ta taru kallo. Wani kamfani ne a Kano ke gwada na'urar da za ta riƙa magana da direbobi. 'Yarsa Ummulkhairi, wadda ke aiki can, ita ta sa sunansa. An ce ya yi tuƙinsa kawai, daga nesa za a riƙa gyara ta.

Ya ji daɗinta. Takan ɗan jinkirta kafin ta amsa, kuma da azahar takan yi shiru. Ya ce ashe ƙarfe ma ya san Allah.

Wata Laraba, ko Alhamis ce, ya sauke fasinja a Ƙafin Maiyaki. Yana dawowa shi kaɗai, saura ƙiris ya take wani ɗan acaɓa da ya ɓullo ta hagu.

"Ba ka gan shi ba?" in ji na'urar.

"Ke ƙarfe ce, bari in gaya miki. Idon hagun nan shekara biyu ke nan da mutuwarsa. Da ka nake tuƙi. Ko iyalina ba su sani ba."

Na'urar ta ce, "Tafi a hankali."

Ran Asabar shugaban tasha, Ja'afar, ya kira shi gaban direbobi, ya rufe masa idon dama da tafin hannu.

"Malam, yatsu nawa na ɗaga?"

"Uku."

Ɗaya hannun a dunƙule yake. Aka bushe da dariya. Adamu, wani direba da ya daɗe yana harin hanyar Doguwa da Malam Ghali ke bi, ya ce, "A sayo wa Baba sanda." Nan take aka cire Malam Ghali daga layi, bayan shekara talatin.

Ya shiga mota, ya rufe ƙofa. Allon na nan a kunne.

"Adamu ne ya lura, na sani," ya ce. "Amma ko wane ne ya tona ni, Allah ya isa, ban yafe ba. Kada ya ga haske duniya da lahira. Ki ce amin."

Na'urar ta jinkirta.

Ba a riga an koya wa injin Hausa ba. Mutum ne ke saurare yana buga masa kowace amsa. A wani ɗaki a Kano, Ummulkhairi, wadda ita ce ta kira Ja'afar ta gaya masa zancen idon da bakinta, ta goge fuska, ta rubuta wa mahaifinta: "Amin."